Shirun Inna Sahiya

Lokacin da nake karatu a Faransa, wata malamarmu ta tarihi ta kwashe mako biyu tana ba mu labarin wasu mata na tsofaffin biranen Turai, shekara ɗari bakwai da suka wuce. Ba matan aure ba ne, ba su kuma shiga gidan zuhudu sun ɗauki alkawarin rai da rai ba. Sukan taru a gida ɗaya kusa da majami'a, su yi saƙa, su yi jinya, su shirya gawa. Gari yana bukatarsu, gari kuma bai taɓa sakin jiki da su ba. Na rubuta wannan duka kamar labarin wata duniya. A raina na ce mu ba mu da irinsu, mace a wurinmu ko tana gidan uba ko tana gidan miji.

Ashe a bayan masallacin unguwarmu a Birnin Konni akwai irin wannan gida. Na sha wucewa ta ƙofarsa ina ƙarami, ban taɓa tambayar su wa ke ciki ba. Har yau ban tabbata ko kamanta su da matan malamarmu daidai ne ba, ko kuwa karatun nesa ne ya sa nake kallon gida da idon wasu. Akwai kuma shakkar da ta fi wannan nauyi. Ban sani ba ko abin da Inna Sahiya ta yi a daminar 2006 ibada ce ko taurin zuciya. Abin da na gani da wanda aka faɗa mini kawai zan rubuta.

Na fara zama gabanta a 2003. Mahaifiyata Shatu ta rasu ina can, ban iso ba sai bayan kwana goma sha ɗaya. Gwaggona ta ce ya kamata in je in gaida wadda ta yi mata wanka. Na ɗauki goro da sabulu na tafi.

Gidan ɗaki uku ne na laka, zaurensa ba ƙyaure. Akwai magarya a tsakar gida da wata babbar randa a gindinta. Mata biyu suka rage a ciki. Ɗaya makauniya ce, ƙatuwa, mai yawan dariya, sunanta Zara. Ɗayar siririya ce, tana kaɗi, ba ta ɗaga kai ba sai da na gama sallama. Ita ce Sahiya.

"Wa na nan?" in ji Zara. "Takalmin baƙo na ji. Ɗan gari ba ya taka ƙasa da tsoro haka."

"Ɗan Shatu na," in ji Sahiya. "Na Turai."

"To a ba shi tabarmar kirki, kada shi kai ƙararmu wurin Anasara."

Bayan gaisuwa da ta'aziyya na faɗi abin da ya kawo ni. "Inna, ban ga fuskarta ba. Yaya kika same ta?"

"Allah shi jiƙanta."

"Amin. Amma ta sha wuya? Jikinta ya nuna?"

"Allah shi jiƙanta, ɗan Shatu. Sha ruwa."

Zara ta yi dariya har tana buga cinya. "Shekara talatin nike roƙonta labarin ko mutum guda, ban samu ba. Kai daga zuwanka da sabulu?"

Na fita raina a ɓace. Sai da na samu aiki a gandarin noman rani na zauna a gari sannan na koma, daga nan kuma na riƙa zuwa duk Juma'a bayan an sauko. Tarihin Sahiya daga bakin Zara na ji shi, ita mai shi tana gefe tana kaɗi, sai dai ta gyara sunan gari in an yi kuskure.

'Yar Dogarawa ce. Ta auri wani manomin albasa mai suna Labo, mutum mai sanyin hali, rijiyar lambu ta rufta da shi. A shekarar yunwa ƙyanda ta ɗauke mata 'ya'ya biyu cikin mako ɗaya. Da ta fita takaba manema suka fito, ta ce ta gama. 'Yan'uwanta maza suka ce ba a ajiye mace mai sauran ƙuruciya a gida ba miji. Ta ɗora ƙwaryarta a ka ta taka har Konni, domin ta ji akwai wata tsohuwa da ake kira Modibbo wadda ke karɓar mata irinta.

A lokacin su bakwai ne a gidan. Filin na kakan Alhaji Barmo ne, babban ɗan kasuwar unguwarmu. Tsohon ya ba da shi da baki a gaban liman, ya ce muddin akwai mace ɗaya mai bautar Allah a ciki, nasu ne. Ba wanda ya rubuta. A zamanin ba wanda ya ga dalili.

Ba malamai ba ne. Sahiya ba ta wuce izu biyu ba. Amma su ke shiga gidajen kulle su koya wa amare alwala da gajerun surori, su ke kwana wurin wadda ciwo ya kayar, su ke wanke matan da suka rasu. Modibbo ta ga hannun Sahiya ba ya rawa, sai ta koya mata wanka: yadda ake dakan ganyen magarya, yadda ake gwada ɗumin ruwa da gwiwar hannu kamar na jariri, yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, a fara da dama, a raba gashi uku, a sa kafur a ruwan ƙarshe. Ranar da za ta yi wankanta na fari ita kaɗai, Modibbo ta ba ta dokar gidan. Mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani, mummuna ne ko kyakkyawa. In ta fito, kafin ta amsa gaisuwar kowa, ta durƙusa a bakin ƙofa ta kurkure bakinta sau uku ta zubar a ƙasa. Abin da ido ya gani ya tsaya nan.

Unguwa ta san darajar wannan, ta kuma biya shi yadda ta ga dama. In an yi rasuwa da gudu ake zuwa kiranta. In ana biki ba a tuna da ita. Mai ciki in ta hango ta sai ta sake hanya. Ba mai sayen abin da ta taɓa na ci, saboda haka daddawar da take yi Zara ce ke zama da ita a ƙofar zaure.

"Duk unguwar ga sun san makauniya ba ta iya daddawa," in ji Zara. "Amma in na rantse ni na yi, sai su saya su ce ta fi ta kowa daɗi. Zunubin rantsuwar kuwa mun raba, ita rabi ni rabi."

"Naki na duka," in ji Sahiya.

A daminar 2006 Husna ta rasu. 'Yar Alhaji Barmo ce, shekararta goma sha tara, ita ce mace ta farko a gidansu da ta kai lise, wato babbar sakandare. Kullum ta ƙofar gidan tsofaffin take wucewa da jakarta, takan leƙa ta gaishe su. Kwana uku ta yi tana zazzaɓi da zubar jini, ta cika kafin a kai ta likita. Tun ba a ɗauki gawa ba magana ta fara yawo. Wai ciki ne ta sha magani ta zubar. Wasu suka ce wani ma'aikaci ne da aka kawo daga Yamai, wasu suka ce soja ne. Ba wanda ya ga komai. Mutum ɗaya ce ta ga jikin yarinyar daga kai har ƙafa.

Da Sahiya ta fito daga ɗakin wankan ta durƙusa da butarta, mata fiye da hamsin suna kallon bakinta. Kafin la'asar wata ta rantse sau huɗu ta kurkure, ba uku ba.

Washegarin sadakar uku Alhaji Barmo ya zo gidan da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Zara tana zaure, ita ta ba ni labarin yadda aka yi. Ta ce muryarsa ta dushe kamar wanda ya kwana kuka.

"Inna, kin ji abin da mutane ka hwaɗi."

"Kunnena ya tsuhwa, Alhaji."

"Ran bakwai mata za su taru gidana. Ki tashi tsaye ki ce ɗiyata budurwa ta koma ga Ubangijinta. Ke kin gani. Maganarki guda ta isa."

"Ban taɓa hwaɗi ba."

"Na tambayi liman. Ya ce mai wanka in ta ga alheri, halal na ta hwaɗi. Sharri aka ruhewa."

"Liman ya san littahi. Ni abin da Modibbo ta bar mani na sani."

"Ƙarya nike roƙonki ki yi?"

"Ban ce ƙarya ta ba."

"To gaskiya ta?"

"Ban ce ba."

Sannan ya ce, "Ƙasar ga da kike zaune bisa, kin san ta wa ta?"

"Kakanka ya ba Allah ita, Barmo. Haka anka gaya mani."

Zara ta ce ta ji ya kaɗe rigarsa ya fita ba sallama. Ta ce ita ma ta roƙe ta. Ta ce mata, Sahiya, kalma guda ta, ni makauniya ina za ni? Sahiya ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi.

Ran bakwai ƙanwata tana cikin matan da suka taru. An gama addu'a ana rabon gumba, sai Hajiya Ummulkhairi, uwar Husna, ta fito daga ɗaki da rarrafe. Ta ratsa mutane har inda Sahiya ke zaune can gefe kusa da turken awaki, ta kama ƙafafunta biyu.

"Inna, ke kinka wanke uwata. Don Allah, don Annabi, ki gaya masu. Ki gaya masu ɗiyata..."

Ba ta iya ƙarasawa ba. Sahiya ta ɗora hannu a kanta, ta ce, "Allah shi jiƙanta." Hajiya ta ɗaga kai tana jiran saura. Babu saura. Ƙanwata ta ce ta ga mata suna kallon juna ta ƙarƙashin mayafi, wata ma ta gyaɗa kai. Kowa ya ɗauka amsa ce aka ba shi. Cikin makon, dangin wanda aka sa wa rana da ƙanwar Husna suka aiko cewa a dakata tukuna.

Bayan haka na je buron da ake rajistar filaye, ko akwai abin da za a kare gidan da shi. Magatakardan ya saurare ni da ladabi har na gama. "Malam, ka ce an ba Allah," in ji shi. "To, ni dosiyen takardun filin da ke gabana da sunan Alhaji yake. Kawo takarda." Na je wurin liman. Ya ce abin bai yi masa daɗi ba, amma ko a shari'a zaman mace cikin danginta ya fi mata. Daga nan ban ƙara yin komai ba. Na koma aikina.

Sai wata magana ta fito, ban san bakin da ya fara ta ba. Aka ce ai Husna ba ciki gare ta ba, kama ta aka yi. Ba kullum tana leƙa gidan tsofaffi ba? Wata ta tuna ta ga Sahiya ta ba ta 'ya'yan magarya a hannu kwana biyu kafin ciwon. Wata ta ce shi ya sa ta kurkure baki sau huɗu. Wata ta ce mace ta shekara talatin tana taɓa matattu ko mura ba ta yi, ku kanku ku yi tunani. Shirun nata kuma ya samu sabuwar ma'ana: mayya ba ta yabon naman da ta ci.

Maganar ta kama kamar wutar kara, don ta yi wa kowa daɗi. Matan da suka yi raɗa a kan Husna su ne suka koma suna kuka suna cewa baiwar Allah, an cuce ta. Dangin angon ƙanwarta suka dawo aka ci gaba da shirin biki. Sunan yarinyar ya wanku tas. Daddawar Zara ta bushe a faifai.

Bayan an ɗebe gero Alhaji ya aiko cewa ya ba su mako ɗaya su tashi. Rana ta takwas da hantsi magina suka zo da diga. Ina wurin. Mutane sun cika lungun, yawancinsu mata, kusan kowacce Sahiya ta wanke mata uwa ko ɗiya ko 'yar'uwa. An fito da kayansu waje: tabarmi, tukwane biyu, allo, mazari, turmin dakan magarya. Zara tana zaune a kan ƙullinta tana bin ƙarar da kunne.

"Ku kula da randar nan," ta ce da ƙarfi, "ta girmi ubanku!"

Wani ya yi dariya. Da aka sare magaryar, a kan randar ta faɗi. Sahiya ta sunkuya tana tsinke ganye daga reshen da ya faɗo kusa da ita tana zubawa a bakin zane. Tana cikin haka wata mata ta leƙo ta kan katanga ta watsa mata ruwan wanke-wanke a baya. Ba ta waiwaya ba. Ba wanda ya ce wa matar komai, har ni.

Wani ɗan ɗan'uwan Zara ya zo daga Illela ya sa ta a mota. Ya ce wurin mutum ɗaya gare shi. Zara ta riƙe hannun Sahiya ta tagar motar tana cewa, "Ke, mai taurin kai, wa za shi yi mani faɗa yanzu?" Ba ta kai wata biyu a can ba ta rasu. Sai bayan an rufe ta labari ya kai ga Sahiya a Dogarawa, inda ta koma. Wanda ya kai saƙon ya ce tambaya ɗaya ta yi masa, wa ya wanke ta. Bai sani ba.

A filin an gina butik huɗu masu ƙofar ƙarfe. Ɗaya ana sayar da katin salula, ɗaya man inji. Wankan gawa kuma wasu matan makarantar Islamiyya suka karɓa. Sun fi Sahiya karatu nesa ba kusa ba, ba su da kuskure a aikin. Bayan jana'iza sai ka ji an ce wance fuskarta ta yi haske, wance murmushi take yi, dangi su ji sanyi.

A 2008 Hajiya Ummulkhairi ta kwanta ciwon ajali. Ba ta ƙara sakewa ba tun rasuwar Husna. Da ta ji abin ya zo, ta tara 'ya'yanta ta bar wasiyya a gaban mijinta: kada kowa ya buɗe jikinta sai Sahiya. Aka ce mata ai kin san abin da ake faɗi a kanta. Ta ce ta sani.

Kabu-kabu aka tura Dogarawa. Na ga isowarta, tsohuwa a bayan babur ta rungume ƙullin ganyen magarya, ƙafafunta duk taɓo. Ta ƙofar baya aka shigar da ita. Alhaji Barmo yana ƙofar gida cikin maza yana karɓar gaisuwa, bai juyo ba. Ta yi aikinta, ta fito, ta durƙusa gefen turken awaki ta kurkure baki sau uku. Ba a jira ta ga fitar makara ba, mai babur ya riga ya tayar.

Bayan mako ɗaya na bi ta. Bukkar kara ce a gefen gonar wani ɗan ƙanen mijinta. Ya bar ta ta zauna, matarsa ta ware mata ƙwarya da moɗa. Na same ta tana ɓarar wake a inuwar bukkar. Ta rame, idonta ɗaya ya fara yana, amma hannun yana nan yadda na san shi. Muka gaisa, ta tambayi gwaggona, ta tambaya ko har yanzu ban yi aure ba, ta ce Turai ta ɓata ni. Na taya ta ɓarar waken har na tara abin da zan ce.

"Inna, kalma ɗaya ce. Liman ma ya ce halal ce. Da yanzu kina ɗakinki, da Zara a hannunki ta cika. In yarinyar nan tsab take, me ya hana ki faɗa?"

Ta sheƙe ɓawon da ke cinyarta, ta dube ni da idon mai kyau.

"Mata nawa na wanke, ɗan Shatu? Ni ban ƙirga ba. Cikinsu akwai mai tabon duka, akwai mai ciwon da mijinta bai sani ba, akwai wadda babu komi gare ta. Duk shiru guda na yi masu. Ran da na buɗe baki na ce wagga tsab take, to duk wadda na yi shiru kanta na tona ta, da wadda za ta zo da wadda ta shekara ishirin cikin ƙasa. Kai ma ka zaka da sabulunka ka tambaye ni uwarka, na yi ma shiru, ka tahi ka yi barcinka. Da na hwaɗi ta Husna, da yau ba tambayar ga ka zo yi mani ba."